Kibod da maus marasa waya: mai sauri zan saya ko wanda ba ya yankewa?

Buban_Dandima:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Ina da shagon buga takardu mai kwamfuta biyar, yawancin aikinmu furojet ɗin ɗalibai ne da takardun neman aiki. Kwanan baya na cire duk kibod da maus masu waya na sa marasa waya, don wayoyin sun ishe mu, kullum sai wani ya ja ɗaya da ƙafa. To tun daga nan ba mu huta ba. Yarinyar da ke mana bugu tana cikin aiki sai harafi ya ɓace, wani lokaci kalma sukutum, wani lokaci kuma harafi ɗaya ya yi ta maimaita kansa har ya cika layi. Kibiyar maus ma takan tsaya cak, can sai ta yi tsalle. Da safe lafiya lau, abin ya fi tsanani da yamma in shago ya cika. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce waɗanda na ɗauka ba su da sauri, in ƙara kuɗi in karɓi irin na 'yan gem mai amsawa sau 1000 a sakan ɗaya. Wani abokina kuma ya ce in koma Bluetooth. Wanne zan bi kafin in sake zuba kuɗi?

Kawu_Gwadabawa:
Wa alaikumus salam. Buba, mi yak kai ka ga cire waya? Ni kibod ɗin da ni ka aiki da shi tun ina ohis shi na har yau. Bai san batir ba, bai taɓa haɗiye min harahi ba. Ku yaran yanzu kun hi son abin da ka wahal da ku.

Zarah_UDUS:
Kawu ke nan, an fara. Ai ya faɗi dalilinsa, wayoyi ne ke harɗe musu ƙafa.

Injiniya_Arkilla:
Malam Buba, kada ka sayi komai tukuna. Wanda ya sayar maka ya cakuɗa maka abu biyu da kowanne hanyarsa daban. Sau 1000 ɗin da yake faɗa shi ne yawan rahoton da maus ke kai wa kwamfuta a sakan ɗaya. Maus na yau da kullum sau 125 yake yi, wato rahoto ɗaya duk milisakan 8 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya). Na 'yan gem sau 1000, duk milisakan 1. Ratar da ke tsakani milisakan 7 ce. To mu yi lissafi. Mai bugun da ke yin kalma 60 a minti, in aka ɗauki kowace kalma harafi 5, harafi 300 ke nan a minti, 5 a sakan. Tsakanin harafi da mai bi masa akwai milisakan 200. Ta ina milisakan 7 za ta cinye mata harafi? Ba za ta ma san da ita ba.

Abin da ke damunka saƙo ne ke ɓacewa a iska. Kibod ya aika, ɗan risiban, wato ƙaramin abin da ake sokawa a ramin USB na kwamfuta don ya karɓi saƙon, bai ji ba, ko ya ji a gurɓace. Sai kibod ya sake aikawa, ya kuma sakewa, har ya samu amsa ko ya haƙura. Kamar ka tsaya a bakin titi ranar kasuwa kana yi wa wani magana daga wancan gefen: komai saurin bakinka, in hayaniya ta yi yawa sai ka maimaita. In maimaitawar ta samu shiga, shi ne za ka ga jinkiri da tsallen kibiya. In kibod ya haƙura, harafi ya tafi. Shi kuwa harafin da ke cika layi, galibi saƙon cewa an danna ne ya isa, na cewa an saki ya maƙale, sai Windows ta ɗauka har yanzu yatsa na kai.

Maganar yamma da ka yi ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ka gaya mana: ina ka soka risibobin, gaba ko baya? Ina na'urar Wi-Fi ɗinka take? Kuma in shago ya cika, ɗalibai na kunna hotspot a wayoyinsu?

Buban_Dandima:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Duk a baya na soka su don kada a zare. Kwamfutocin kuma suna ƙarƙashin tebur, teburan na ƙarfe ne da mai walda ya haɗa mini. MiFi yana bisa kan kwamfuta ta ɗaya. Hotspot kam kowa da nasa, da shi suke turo mana aiki.

Maigyara_BelloWay:
To ai zance ya ƙare, Buba. Risiba a bayan akwatin ƙarhe, ƙarƙashin teburin ƙarhe, ga ƙahwahun mutum tsakani. Jikin mutum ma shina tare wanga sigina, don ruwa na ya hi yawa cikinai. Kuma ka diba ramin da kas soka shi. In cikin ramin shuɗi na, USB 3.0 ke nan, ka hidda shi ka mai da shi ga baƙi. Ramin shuɗi in an soka hilash ko had disk ana kwahe kaya, shina hidda hayaniya daidai inda maus ka magana. Na sha ganin wanga aiki: mutum ya zaka da maus ya ce ya lalace, in gwada ga tawa kwamhuta in ishe shi garau.

Injiniya_Arkilla:
Maigyara ya yi gaskiya, kuma ba ƙirƙirar masu gyara ba ce. Kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a 2012 kan yadda USB 3.0 ke damun na'urorin da ke aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz, irin su kibod da maus marasa waya. Maganin da aka sani shi ne a nisanta risiba da ramin. Ka nemi igiyar ƙari ta USB, ko mita ɗaya ce, ka fito da risiban saman tebur, kamu ɗaya ko biyu daga kibod. Ka sauke MiFi daga kan kwamfutar nan ka rataye shi a bango can nesa.

ɗan_gem_Mabera:
Oga Injiniya da girmanka, amma ban yarda milisakan 7 ba komai ba ce. Ka taɓa riƙe maus mai 1000 ka koma mai 125? Wallahi hannunka zai gaya maka. Kibiya tana tafiya sumul, ɗayan kuma kana jin tana ɗan kakkarye. Mu da muke harbi a gem wanda ya riga dannawa shi ya ci.

Injiniya_Arkilla:
Ƙanena, ban ce ba komai ba ce a wurinka. Na ce ba komai ba ce a wurin mai buga furojet. Kuma ko kai, allonka sau nawa yake sabunta hoto? In irin na kowa ne mai 60 a sakan, hoto ɗaya na ɗaukar milisakan 16.7. Maus ya kai rahoto 16 kafin allo ya nuna maka sabon hoto guda. Sai a allo mai 144, inda hoto ke ɗaukar kusan milisakan 7, abin ke fitowa sosai.

ɗan_gem_Mabera:
Nawa 144 ne Oga.

Zarah_UDUS:
To masu abu da abinsu. Mu dai laftof ɗinmu in ya buɗe Word bai tsaya tunani ba mun gode Allah.

Muazzam_Network:
Bari in tsoma baki kan maganar ɗan Mabera. In gem ɗin na intanet ne kuma sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da gem ɗin, tana Turai, ka ajiye zancen milisakan 1 gefe. Haske a cikin igiyar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Igiyar MainOne da aka kunna a 2010, daga Legas zuwa Fotugal, kilomita 7,000 ce. Zuwa kawai milisakan 35, zuwa da dawowa 70. Ba a sa tafiyar Sakkwato zuwa Legas ba, ba a sa tsalle daga wayarka zuwa turken sabis ba, ba a sa cunkoson dare ba. Kai da ke fama da wannan, ka zo kana ƙirga 7?

ɗan_gem_Mabera:
Yaya Mu'azzam wannan daban. Jinkirin intanet kowa a nan yana da shi, ba yadda zan yi da shi. Amma juya kyamara da saita bindiga a kan kwamfutata ake yi, ba sai ya je Fotugal ya dawo ba. Abin da ke hannuna shi nake gyarawa. Kuma akwai abin da ba ku faɗa ba. Maus ɗin gem ba sauri kaɗai ake saya a jikinsa ba. Rediyonsa ya fi ƙarfi, yana sauya tasha in ya ji cunkoso, kuma a kwalinsa ake sako igiyar ƙarin da Injiniya ke cewa a je a nema. Ni a ɗakin da muke bugawa akwai hannun PlayStation har huɗu, duk Bluetooth, ga wayoyi, ban taɓa ganin nawa ya yanke ba. Don haka wanda ya sayar wa Malam Buba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Injiniya_Arkilla:
Wannan magana ce. Mai tsada yakan zo da rediyo mai kyau, ba musu. Sai dai igiyar da ke cikin kwalin ita ke yin rabin aikin, kuma ana sayar da ita ita kaɗai. Ga kuma abin da saurin ke ci. Ɗauki Logitech G305, batir AA guda ɗaya. Kamfanin ya ce in yana kan rahoton milisakan 1 zai yi awa 250. In aka mai da shi kan milisakan 8 zai iya kai wata 9. Maus ɗaya, batir ɗaya. Shagon da ke aiki awa 10 a rana, awa 250 kwana 25 ke nan. Malam Buba ya ninka da kwamfuta biyar ya ga ko yana so.

Yanzu har akwai masu 4000 da 8000, Razer na cikin waɗanda suka fara fito da su. Waɗannan ban da shan batir har kwamfutar suke ɗora wa nauyi, don dole ta karɓi kowane rahoto ta sarrafa. Ka sa shi a tsohuwar kwamfutar shago sai ka ga abin ya ƙara kakkarewa. Sauri ya haifi nawa.

Hajiya_MaiFirinta:
Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa shagon a Runjin Sambo yake, kuma na bi ta wannan hanyar na dawo. Ba sigina ce ta kore ni ba, mutane ne. Ɗalibi zai zo ya zare filash ɗinsa ya haɗa da risiba ya tafi, ba da mugunta ba, abin ne ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa. Irin masu arhar nan kuwa tun daga kamfani aka ɗaura kowane kibod da risibansa, in ya ɓace kibod da maus duk sun zama kayan ado. Wata rana yaron shago ya share ƙura ya musanya guda biyu. Mai bugu a kwamfuta ta biyu tana ta dannawa ba ta ganin komai, ashe rubutun yana shiga cikin takardar wani malami a ta uku, yana zaune yana kallon haruffa na fitowa su kaɗai yana salati. Daga ranar na sayi jan farce kala-kala, kowane kibod da maus da risiba na ɗiga musu kala ɗaya. Daga baya dai na gaji, na mayar da kwamfutocin kwastoma kan waya, na sa aka huda teburan aka bi da wayoyin ta ƙasa aka ɗaure. Tawa ta kan kanta kawai na bar wa mara waya.

Kawu_Gwadabawa:
Allah shi yi miki albarka Hajiya. Abin da nic ce ke nan tun hwarko anka yi min dariya.

Ummu_Khalil:
Hajiya, zancen ɓatan risiba ba duka ba ne. Masu tambarin Unifying na Logitech, wani ɗan tauraro ruwan lemo a jiki, ana iya sayen wani risiban a haɗa su da manhaja, kuma guda ɗaya na ɗaukar na'ura har 6. Sabon nasu Bolt ake ce masa, shi ma haka, sai dai ba ya aiki da na Unifying, kada mutum ya saya ya ce an cuce shi.

Ni tambayata kan Bluetooth ce, don ba wanda ya amsa wa Malam Buba wannan ɓangaren. Ina amfani da ƙaramin kibod na Bluetooth da laftof da waya, ina jin daɗinsa don maɓalli ɗaya nake dannawa ya koma ɗayan. Amma in na tashi na yi salla na dawo, harafin farko da na biyu ba sa fitowa. Shi ma hayaniyar ce?

Injiniya_Arkilla:
A'a Malama, wannan barci ne. Don batir ya daɗe, in aka bar shi ba a taɓa ba sai ya kashe rediyonsa. Dannawar farko ita ke tashinsa, kafin ya sake gaisawa da laftof harafi ɗaya ko biyu sun wuce. Da gangan aka yi shi haka, da shi ake samun wata da watanni a batir biyu. Ki saba da danna Shift ki ɗan jira kafin ki fara, musamman wurin sa kalmar sirri inda ba kya ganin abin da ya fito. Wani lokaci kuma Windows ce ke kashe Bluetooth ɗin laftof don tattalin caji. Ki shiga Device Manager, ki nemo na'urar Bluetooth, a shafin Power Management ki cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe ta. Masu risiba ma akwai irin wannan a ƙarƙashin USB.

Ga Malam Buba kuwa, Bluetooth ba gudun hayaniya ba ne, don duk fili ɗaya suke. Risiba, Bluetooth, Wi-Fi na hotspot, duk tsakanin 2400 da 2483.5 MHz. Faɗin kusan 83 ke nan, kuma Wi-Fi guda na cin 20. Shi ya sa ake cewa tasha 1 da 6 da 11 ne kawai ba sa hawa kan juna. Hotspot uku in sun bazu sun kusa mamaye wurin. Abin da Bluetooth ya iya shi ne tsalle: na asali ya raba filin gida 79 yana sauya gida sau 1600 a sakan, kuma tun sigar 1.2 ta 2003 yake gane gidajen da suka cika ya daina shiga. Mai ƙarancin shan batir, wanda yawancin sabbin maus ke amfani da shi, gida 40 ne, kuma mafi saurin da ya saba magana da kwamfuta shi ne duk milisakan 7.5. Wato dai kusan saurin maus na yau da kullum, wanda ya ishi bugu.

Amma ga kwamfutar tebur ban ba da shawararsa ba. Da yawansu ba su zo da Bluetooth ba sai ka sayi wani abin sokawa, ka dawo gidan jiya. Kuma ranar da Windows ta ƙi tashi kana son shiga BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, galibi kibod ɗin Bluetooth ba zai amsa ba, don manhajar da ke haɗa su ba ta riga ta tashi ba. Mai risiba kuwa kwamfuta na ganinsa tamkar mai waya.

Muazzam_Network:
Ƙari kaɗan: a yawancin laftof kati ɗaya ne ke yin Wi-Fi da Bluetooth, eriya ma tarayya suke. Kana sauke babban fayil a 2.4, maus ɗin Bluetooth ya fara rawa. In na'urar Wi-Fi ɗin tana da 5 GHz a koma can. Ƙananan MiFi da yawa ba su da shi, amma wayoyin zamani da dama suna bari ka zaɓi 5 GHz a saitin hotspot.

Maigyara_BelloWay:
Ku dai kuna ta zancen iska kun mance da batir. Buba, wane iri ka ka sawa? In irin na tocila na mai arha, shi ma shina cikin masu laihi. Ƙarhinai shina sauka da wuri, rediyo ya raunana, kibod ya hwara yin daidai abin da kab bayyana, alhali hitilar gargaɗi ba ta ko kama ba. Ka nemi alkalin. Kuma zahin garin ga, watan huɗu da na biyar da ana wuce 40, batir mai arha zuba shi kai. Makon da ya wuce anka kawo min wani, ina buɗe murhin na ishe hwarin gari ya cika ramin, sifirin ɗin ya yi kore ya cinye rabi. Na kankare da ɗan sanfefa, na goge da auduga, ya tashi, amma in an ɗan buga tebur sai ya yanke don batir bai zauna daram ba. Mai shi ya rantse sigina ta.

Sani_Illela:
Ni masu caji nake sawa, AA ɗin nan da ake cajawa a mayar. Suna aiki lafiya, sai dai su 1.2 ne ba 1.5 ba, wani maus ɗin zai riƙa nuna maka batir ya yi ƙasa alhali yanzu ka cire daga caja. Wanda batirinsa ke manne a ciki kuwa ban so. Zafi na kashe shi da wuri, in ya mutu kuma ba a kowane shago za ka samu madadinsa ba.

Tunda ana zancen saye, ku lura da na hannu da ke shigowa ta wajenmu daga Ƙonni. Wasu masu kyau ne ƙwarai, amma tsarin Faransa ne, A na inda Q take, M ta koma gefen L. In mai bugunka ba ta kallon hannu sai ka saita Windows yadda ta saba ta ci gaba, amma ɗalibi mai neman harafi da ido zai sha wahala.

Zarah_UDUS:
Wallahi na taɓa zama a kan irinsa a wani shago, na rubuta sunana ya fito Wqrqh.

Malam_NaWurno:
Salamu alaikum. Na karanta duka, ina da tsokaci ɗaya. Kowa ya ɗora laifi a kan iska da batir, ba wanda ya ce a gwada kwamfutar kanta. Malam Buba, ka ɗauko tsohon kibod mai waya ka soka a kwamfutar da ta fi damunku, da yamma, lokacin da abin ke faruwa. In shi ma yana jinkiri, to kwamfutar ce ta gaji, furojet mai shafi ɗari da hotuna a tsohon had disk ba wasa ba ne.

Na biyu, ni da Hausa nake yawan bugu, da tsarin Hausa na Windows inda ake riƙe Alt na dama a danna k ko d ko b a samu masu lanƙwasa. Babban harafi sai an haɗa da Shift, maɓalli uku ke nan a lokaci guda. Kibod mai arha, ko mai waya ne, akwai haɗin maɓallan da ba ya iya ganewa in an danne su tare, sai ya yi shiru. Mai bugu da sauri kuma takan danna na gaba kafin ta saki na baya. In harafin da ke ɓacewa kusan kullum iri ɗaya ne a kalma iri ɗaya, ba ruwan sigina.

Malama_CBT:
Ina aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta. Zaure guda, kwamfuta sama da 200, ba ko ɗaya mara waya, kuma ba rashin kuɗi ba ne. A jarrabawar JAMB yaro na iya gama komai da 'yan maɓallai, A zuwa D na amsa, N ya ci gaba, P ya koma baya. Ba wanda ke neman sauri a nan. Abin da ake nema shi ne in ya danna B, B ta shiga. Ka yi tunanin batir ya mutu wa yarinya ana saura minti biyar, me za ka gaya wa iyayenta?

ɗan_gem_Mabera:
Anti ai wannan 200 ne a ɗaki ɗaya. Shi biyar gare shi.

Abdul_Tsaro:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shagon da ake shigar da kalmar sirri ta fotal ɗin makaranta da lambar BVN ya kamata ya sani. A 2016 masu bincike na kamfanin Bastille a Amurka sun bayyana wata ɓaraka da suka kira MouseJack. Risibobi da dama na manyan kamfanoni suna ɓoye saƙon kibod amma ba sa ɓoye na maus, sai mutum ya zo da 'yar na'ura mai arha ya yi shigar maus, ya tura wa kwamfutarka rubutu daga nisan da ya kai mita 100. A shekarar dai suka sake nuna cewa wasu kibod masu arha ba sa ɓoye komai, ana iya karanta abin da ake bugawa daga nesa. Wasu kamfanonin sun fitar da gyara, wasu na'urorin ba sa ma karɓar gyara. Ɓoye saƙo ba ya kawo jinkirin da mutum zai ji, kuɗi kawai yake ƙara wa mai ƙerawa, shi ya sa marasa suna ke tsallake shi.

Kawu_Gwadabawa:
Waya dai ba a sauraronta daga bakin titi.

Hajiya_MaiFirinta:
Abdul kada ka tsorata mu. Wanda zai saci kalmar sirri a shago ai leƙe yake yi ta kafaɗa, ba ya buƙatar na'ura.

Buban_Dandima:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na samo igiyar ƙari, na fito da risibobin saman tebur na manne su da salatif a gefen allo. MiFi ya koma bango. Na sa alkalin. Uku sun daidaita, jiya shago ya cika maƙil ba wanda ya yi ƙorafi. Ta huɗu na gwada da mai waya kamar yadda Malam Na-Wurno ya ce, shi ma yana jinkiri, ita sai a kai wa Maigyara. Ta biyar ce ta ɗaure mini kai: kibod ya gyaru, amma kibiya na nan tana tsalle ko da safe ba kowa.

Maigyara_BelloWay:
Teburin ta biyar, ba shi na kas shimhiɗa ma gilashi ba? Idon maus na yau da kullum bai gani bisa gilashi ko abu mai ƙyalli. Aza takarda ko kwali ƙarƙashinai ka gani. In bai bari ba, ka juya shi ka hura ramin idon, ƙurar hunturu ta kan zauna nan ita da zaren tuhwahi.

Ummu_Khalil:
Akwai masu aiki a kan gilashi, na Logitech masu Darkfield, in kaurin gilashin ya kai milimita 4. Amma kuɗinsu zai sayi shimfiɗar maus ta shago goma.

ɗan_gem_Mabera:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakata. Ita mai bugun da ke zama a kai tun safe har dare, a saya mata mai kyau guda ɗaya, a sa shi kan 125 in batir ake ji. Ranar da aka samu aikin zane ko gyaran hoto a ɗaga shi.

Injiniya_Arkilla:
Wannan ban ƙi ba, in dai kibod ɗin aka fara sauya mata, don shi take taɓawa ba maus ba.

Hajiya_MaiFirinta:
Ku dai bari lokacin kare furojet ya zo, ɗalibi ashirin a tsaye kowa da filash a hannu, ga risiba a fili saman tebur an manne da salatif. Buba, ka sayi jan farcen tun yanzu, kuma kada ka ba da tsofaffin masu wayar.

Sani_Illela:
In zai ba da su ni ina so, guda biyu, muddin ba tsarin Faransa ba ne.